Wa Zai Baje Kunyoyin Bana?

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'ya'yan mutane da ka ɗauka amana zuwa Katsina. Allah Ya tsare ku a masauki da fili, Ya raba ku da karaya da targaɗe da mugun aboki. Mu nan Sandamu lafiya lau muke, in ka cire gwiwar nan tawa ta hagu, ita kuwa ka san ba ta da niyyar shiryuwa. Innarku tana gaishe ka.

Ita ce ma ta sa ni zaman rubutu. Ta ce da safen da za ku tafi ka same ta a madafa, ka rage murya ka ce, "Inna, Baba fushi yake da ni?" Ta ce maka ita ba ta shiga tsakanin masu gora. Amma motarku na ɓacewa sai ta juyo kaina.

"Malam," in ji ta, "yaro ya zo har gabanka ya durƙusa, ya ce zai ɗauke ƙungiyar ƙwallon gorar nan ya mai da ita birni. Ƙungiyar da ka kafa tun ba a haife shi ba. Kai kuma duk abin da ka iya cewa shi ne 'to'. Irin wannan 'to' ɗin naka, ko akuya aka yi wa sai ta ƙi cin dusa."

Na ce mata zan kira ka a waya. Ta ce a'a, a waya lafiyar hanya kawai zan tambaye ka in kashe. Ta san mijinta. Saboda haka ga takarda, ka samu wuri ka zauna, don ba gajeriya ba ce.

Habibu, ban yi fushi ba. Abu biyu ne suka shaƙe ni a lokaci guda, alfahari da tsoro, na rasa wanda zan fara fitarwa, sai "to" ta riga su fita. Alfaharin zan zo kansa. Tsoron kuwa na tambaya ɗaya ne: in kun tafi, wa zai baje kunyoyin gonar Malam Lawal bayan girbi? Na san wani in ya ji zai yi dariya, ya ce tsoho ana maganar birni yana maganar kunyoyi. Kai ba za ka yi ba, amma duk da haka bari in ɗauko maka abin daga tushe, don ka tashi ka tarar da ƙungiyar nan ne kamar yadda ka tarar da rijiyar gidanmu, ba ka ga haƙarta ba.

Lokacin da na gama kwalejin malamai aka turo ni gida in koyar da motsa jiki, na dawo da gora biyu, da ƙwallo ɗaya, da baki cike da labarin wasan da ba wanda ya damu da shi. Filin makaranta na 'yan ƙwallon ƙafa ne, su kuwa ba a ja da su. Sai na ɗora ido a kan gonar Malam Lawal da ke bayan gari, shimfiɗaɗɗiya, ga ƙaton gawo a gefenta. Na same shi da kaka yana ɗaure dami. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Tica, wato so kake ƙarti su zo gonata su yi ta guje-guje da sanduna, suna bin abu kamar ƙwan zabo?"

"Haka ne, Malam."

"Su take mini ƙasa ta koma daɓe?"

"Za mu gyara."

"Da me?"

"Da taki," na ce, don shi ne abin da ya fara zuwa bakina.

A nan aka ƙulla abin da muke kai har bana, ba takarda ba shaida. In an gama girbi, mu za mu tumɓuke tushiyar gero, mu baje kunyoyi da garma da manjagara, mu ja gungume a kai har wurin ya kwanta, mu zana layi da toka, mu kafa turakun darbejiya mu ɗaura raga. Rani duka filinmu ne. In bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mu cire turaku, mu kwaso taki a amalanke mu watsa a gonar, ta koma ta mai ita. Da muka fara fita wasa Daura da Mashi suka ga ƙafafunmu duk tabon tushiya, sai suka laƙaba mana 'Yan Tushiya don tsiya. Muka karɓa muka rubuta a riga.

To, ranar da ka durƙusa, hujjarka ba ta da makusa. Ka ce, "Baba, gasar ƙaramin rukuni rabinta ana buga shi ne lokacin da filinmu yake gero. Kullum da ƙafa ɗaya muke shiga." Gaskiya ka faɗa, kuma na san ta tun kafin ka iya riƙe gora. Ka ce wani Alhaji mai makaranta a Katsina ya shimfiɗa filin roba, ya ce ku taho gaba ɗaya, masu karatu su ci gaba da karatu, ga masauki, ga likita in an ji rauni, ga wasa rani da damina. Ni da na shekara da shekaru ina ɗaure karaya da tsumma kafin a kai yaro wurin maɗori, da wane baki zan ce wannan ba alheri ba ne?

Kuma in ina son in yi maka gardama, Mamman Dogo kaɗai ya isa ya rufe mini baki. Kai ka san shi yanzu da babur, yana ɗaukar kaya zuwa Kongolam. Ba ka ga wasansa ba lokacin da yake kan ganiyarsa. Ban taɓa koyar da mai hannu irin nasa ba, har kai, kar ka ji haushi. Yana iya ɗaga ƙwallo daga yashi ya ajiye ta a gaban gorar abokinsa kamar ya miƙa masa goro. Amma masu zaɓen 'yan wasa na jiha da na ƙasa ba su san hanyar bayan garinmu ba, kuma duk lokacin da suke yawon dubawa, shi yana cikin gero da fartanya. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, yana rufa wa iyalinsa asiri, Allah Ya ƙara masa. Sai dai duk sanda na gan shi yana ɗaure buhuna da hannayen nan, raina yana sosuwa. In tafiyarku za ta sa ko yaro ɗaya ya tsira daga irin wannan ɓoyuwa, to tafiyar ta biya.

Amma tunda ka tafi, bari in ba ka abin da na saya da tsada, kai ka same shi kyauta.

An taɓa gayyatarmu Kaduna, karo na farko da muka taka filin roba. Muka shiga da taƙama, don a yashi ba mai iya mana. Ka san halin yashi, ƙwallo ba ta tafiya sai ka dake ta da dukan ƙarfinka, shi ya ba yaranmu wuyan hannu irin na maƙera. A roba kuwa kafin ka taɓa ta ta gudu. Ana hura usur Mamman Dogo ya miƙa wa na kusa da shi ƙwallo irin miƙawar gida, ta wuce shi, ta wuce layi, ta je ta sami farantin mai sayar da gyaɗa. 'Yan kallo suka kwashe da dariya. Aka yi ta zura mana har na daina ƙirgawa. Da aka tafi hutun rabin lokaci, maimakon in ce musu su sassauta hannu, sai na tara su ina ta kumfar baki, ina ce musu ragwaye, sun zubar mini da mutunci. Suka koma da haushi suka ƙara ƙarfin duka, abin ya ƙara lalacewa. A mota muna dawowa, tsiren da na saya musu a Zariya ma da ƙyar aka ci.

Laifin ba nasu ba ne, hannunsu ne bai san wurin ba, ni kuma da ya kamata in gane, bakina ya riga kaina. Saboda haka watannin nan na farko za a ci ku, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Waɗanda ba su kai ku ba ma za su ci ku. In hakan ta faru, ka bari sai kun ci abinci kafin ka yi magana a kan wasan. Ka koya musu tausasa hannu a hankali, amma kar ka bari wani ɗan birni ya sa su raina abin da yashi ya ba su. Ranar da hannunsu ya saba da roba, ƙarfin nan yana nan ajiye, kuma mai tsaron ragar da ya tare bugunsu zai san ya tare.

Na biyun ya fi wannan nauyi, don ni ma na taɓa ɗauke ƙungiyar nan daga Sandamu. Kana goye a lokacin. Wani shugaban makaranta a Daura, mai son wasa, ya ce ga fili nan a makarantarsa, mai katanga da ƙofa, ba gero ba tushiya, mu zo mu yi ta yi har damina. Na ji kamar an ba ni kujerar Makka. Lokacin bazara ne, daidai lokacin kai taki, amma na ce a raina tunda ba za mu dawo ba, me ya rage tsakaninmu da gonar? Muka tumɓuke turakunmu muka tafi. Ko sallama ta kirki ban yi wa Malam Lawal ba, aike na yi.

Shekarar farko mun ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Wasanmu ya gyaru, muka fara cin waɗanda suke cin mu. Sai dai akwai abin da ban lura na bari a baya ba. A gonar Malam Lawal, duk yammacin da muke atisaye, gefen fili cike yake da ƙananan yara, kowa da lanƙwasasshen reshensa, suna dukan ƙodagon goruba suna kwaikwayonmu. Masassaƙin unguwa har ya gaji da roƙonsu ya riƙa sassaƙa musu gora daga ragowar ƙotar fartanya. Ni a ganina ƙura kawai suke tayarwa. Ashe su ne ƙungiyar, mu da ke cikin fili aronta muke yi. A Daura akwai maigadi a ƙofa, yaro ba ya shiga sai da dalili. Da manyanmu suka fara aure, wannan ya tafi fatauci, wancan gwiwa ta ci shi, na waiwaya in ɗauko na baya, sai na ga ba kowa.

Sannan ga wani abu da ban taɓa zato ba. A gida, kafin a buga ƙwallo ɗaya, sai an yi kwanaki ana fama da tushiya tare. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai awo, gwani da ɗan koyo, kowa hannunsa ya yi kanta iri ɗaya. Wanda kuka ja gungume tare, in ya ɓarar da ƙwallo ba ka zaginsa, ko ka zage shi ba ya riƙewa. A Daura kowa yana zuwa ya tarar da fili a share, ya yi wasansa ya kama gabansa. Nan da nan aka fara "ni na ci", "shi ya hana ni". Ana cikin haka aka yi wa shugaban nan canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ba ruwansa da gora, ya ce filin na ɗalibai ne, kuma bai yi ƙarya ba. Muka wayi gari ba mu ga tsuntsu ba, ba mu ga tarko ba.

Na daɗe ina kewaye gonar Malam Lawal, ina bin wata hanya don kar mu haɗu. Ranar da na daure na je, yana zaune a gindin gawo yana gyaran igiya. Na gaishe shi, ya ɗago kai ya ce:

"Tica, an dawo?"

"An dawo, Malam."

"Gonar ba ta je ko'ina ba. Amalanke na bayan rumbu."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To ga abin da nake so ka ɗauka daga ciki. Ka roƙi Alhaji, cikin ladabi, ya bari a riƙa buɗe ƙofar filin nan da yamma ga yaran unguwa, ko da za su tsaya ne a bayan layi. In sun zo da sandunansu kar ka kore su. Sannan ka nemo wa yaranka wani aiki da za su riƙa yi tare wanda ba wasa ba. In filin roba ba ya son garma, ai yana son shara da ban ruwa, masauki yana son wanki, raga tana son ɗinki. Kar ka yarda a ɗauko musu mai yi. Yaron da aka share masa fili, aka wanke masa riga, aka miƙo masa gora, ba ya daɗewa sai ya fara ganin abokinsa a matsayin wanda ya tare masa hanya.

Shi kuma Alhaji, ka girmama shi, ka gode masa a gabansa da bayan idonsa, don ba kowa ke zuba dukiyarsa a wasan da ba ya tara jama'a ba. Amma ka tuna mutum ɗaya ne. Yau yana son gora, gobe kasuwa na iya juya masa baya, ko 'ya'yansa su taso da son wani abin. Ba mugun fata nake ba, na dai ga ƙofa ta rufe a fuskata ne. Saboda haka maganar karatun nan da ya yi alkawari, ita za ka fi riƙewa da ƙarfi. Duk yaron da ka ɗauka daga gaban iyayensa, ka tabbata in wasa ya ƙare gobe yana da takarda ko sana'a a hannu. In ka ga mai gudun aji saboda atisaye, ka ajiye shi a benci ko da shi ne mai ci muku.

Na ji kuma an ce yana so a sa sunan makarantarsa a riga maimakon 'Yan Tushiya, kuma yaranka suna ta gunaguni. Wataƙila ka zaci zan ce ka tsaya kai da fata. A'a. Mutumin da ya shimfiɗa fili yana da haƙƙin ya ga sunansa a kai, kuma a roba ba tushiyar da za ta soke ku. Ku ɗauki nasa sunan da zuciya ɗaya. Wancan ka bar mana shi a nan, akwai masu buƙatarsa.

Kar ka manta da waɗanda ba su samu tafiya ba. Akwai waɗanda iyayensu suka ce ba mai riƙe musu gona, akwai mai jiran shanun gidansu. Ranar da motarku ta tashi suna cikin masu ɗaga hannu, suna dariya, amma na ga yadda suka juya. Ka riƙa kiransu, ba sai da dalili ba. In kun ci wasa su ji daga bakinka, kar su tsinta a wayar wani.

Yanzu bari in zo kan alfaharin.

Ana saura 'yan kwanaki ku tafi, na fito da hantsi zan je gaisuwar rasuwa, sai na ji ƙarar amalanke ta bayan gari. Na bi sawu. Na tarar da sabbin takalman da Alhaji ya aiko muku an jera su a gindin gawo, rigunan an rataye a reshe, ku kuma kuna cikin gona ba takalmi, kai a kan amalanke da shebur, taki har gira. Malam Lawal, da yanzu sai an riƙo hannunsa, an shimfiɗa masa tabarma yana kallo. Na zauna kusa da shi, ba ku ma gan ni ba. Sai na ji ɗaya daga cikin yaranka yana cewa:

"Koci, don Allah, tunda ba za mu sake wasa a nan ba, takin na mene ne?"

Ka ce, "Ranin da ya wuce a ina ka yi wasa?"

"A nan."

"To na ranin da ya wuce ne. Ɗauki shebur."

Habibu, ban taɓa ba ka labarin tafiyata Daura ba taki ba, kuma na tabbata Malam Lawal bai ba ka ba. Ba wanda ya ce ka yi. Abin da ni na kasa ganewa ina da gemu, kai ka gane shi a tsaye a kan amalanke. Malam Lawal ya karkato ya ce, "Tica, yaron nan ya fi ka." Na ce, "Yana dai ƙoƙari," don ka san uba ba ya buɗe baki ya yabi nasa a gaban mutane. Amma takarda ba mutane ba ce. Ka fi ni, Malam Lawal ya yi gaskiya, kuma ban taɓa jin daɗin a ce wani ya fi ni ba sai ran nan. Gaisuwar rasuwar ma sai da yamma na je, don idona bai dace da shiga mutane ba.

A zaman nan ne kuma Malam Lawal ya gaya mini abin da ban gaya maka ba kafin ka tafi, don na san ka, ko ka fasa ko ka tafi da rabin zuciya. Ya ce:

"'Ya'yana sun matsa mini a sa rogo. Sun ce tunda masu gora sun tashi, zaman me gona za ta yi rani guda ba komai? Rogo kuwa ka sani, ba ya tashi da kaka, kuma sai an kewaye shi da shinge."

Na ce, "Suna da gaskiya, Malam. Suna da iyali."

"Na san suna da gaskiya, ai ni na haife su. Na ce musu bana gero za a sa. In an yi girbi na ga an zo an baje kunyoyi, magana tana nan yadda take. In kuwa kunyoyi suka zauna har sanyi ya shiga, baɗi rogo. Kuma kar ka zo mini da fuskar tausayi."

To ka ji inda muke. In aka kafa shingen nan, ba a Sandamu kaɗai gora ta mutu ba, kai ma rijiyar da kake ɗiba ce aka rufe. Nan da 'yan shekaru yaran da ka tafi da su za su girma su watse, kamar yadda nawa suka yi, ka waiwayo gida neman na baya ka tarar da rogo.

Ba cewa nake ka dawo da ƙungiya ba. Ko ka ce za ka dawo da ita ni zan hana ka. Na riga na yi magana da Mamman Dogo, ya ce in dai akwai fili, zai riƙa ajiye babur da la'asar ya koya wa ƙanana, ni kuma in zauna a gindin gawo in yi abin da na fi iyawa, wato surutu. Waɗanda ba su samu tafiya ba sun ce suna ciki. Sunan 'Yan Tushiya zai koma kan ƙananan. Amma mu kaɗai ba za mu iya gonar nan ba, kuma ko za mu iya, ba shi ne abin da nake nema ba. So nake yaran garin nan su ga waɗanda suka tafi birni, masu sabbin takalma, sun cire su sun kama garma. In suka ga haka, ba sai an yi musu wa'azi ba, za su san hanyar Katsina ta cikin gonar nan ta bi.

Saboda haka roƙona ɗaya ne. In ka ji an ce an fara girbi, ka nemi izinin Alhaji ka kawo su, ko na kwana biyu ne. Ku baje mana kunyoyi, ku buga wasa ɗaya a yashi don kar hannu ya manta, ku bar mana tsofaffin gorunan da kuka daina amfani da su, ku koma. In gasa ta hana, ko wani abu ya gitta, ba zan riƙe ka a rai ba, Allah Ya gani. Zan ɗauki garma in fara daga gefen gawo, kunya ɗaya yau ɗaya gobe, gwiwa ta yarda ko kar ta yarda. Innarku ta ce in na yi haka ita ba za ta dafa mini ruwan gashi ba. Na san za ta dafa.

An yi ruwa mai kyau bayan tafiyarku. Jiya na zaga ta gonar, gero ya tsiro, kuma inda kuka fi zuba taki, wajen ragar gabas, ya fi ko'ina duhu. Garmarka tana nan rataye a zaure inda ka bar ta, na hana a ara.

Ka riƙe salla a kan lokaci, kai da su. Ka ci abinci, don na san in kana cikin damuwa mantawa kake. Ka gaishe mini da yaran ɗaya bayan ɗaya, ka gaishe da Alhaji da godiya. Allah Ya tsare gabanku da bayanku, Ya ba ku nasarar da ba za ta sa ku girman kai ba, Ya sa in an ci ku ku tashi da ƙafafunku. Allah Ya kai mu kaka da rai da lafiya.

Wancan "to" ɗin da na yi maka, rabin magana ce, ga cikonta: to, ka je, na yarda, Allah Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
daga Sandamu.